Haɗa Kwamfuta da Ɓoyayyen Layin Wi-Fi na Gida da Hanyoyin Tsare Shi

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kuma a watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Daga wancan lokaci zuwa yau aikin malamin makaranta ya sauya ƙwarai. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta hanyar kwamfuta, haka nan jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, da kwamfuta ake yin ta. Saboda haka ɗalibin da ke shirin zama malami a Gwarzo ko Getso, ko a Kabo ko Garo, ba shi da makawa sai ya yi mu'amala da intanet, ko yana so ko ba ya so.

A irin waɗannan garuruwa na yammacin Kano, galibin gidajen da ke da intanet ta layin waya suke samun sa. Wani yakan sayi 'yar na'ura mai batir da ake sa wa layi, wani ya sayi babba wadda ake jona wa wuta, wani kuma ya buɗe wayarsa ta hannu sauran na'urorin gidan su ja daga gare ta. Duk waɗannan aiki ɗaya suke yi, wato karɓo intanet daga turken kamfanin waya su rarraba shi a cikin gida ta iska. A wannan babi za mu kira irin wannan na'ura da sunan da jama'a suka ara, wato rauta, da'irar da take rarrabawa kuma mu kira ta layin gida. Da yake kuɗin data ba wasa ba ne, musamman bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince wa kamfanonin waya a watan Janairu na 2025, masu gida da yawa sukan ɓoye sunan layinsu don kada a gani. Babin zai bayyana yadda ake shiga irin wannan layi, sa'annan ya nuna iyakar abin da ɓoye suna yake iya tsarewa, domin mutane da dama sun ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

1.1 Adafta da Sunan Layi

Ƙa'idar da Wi-Fi yake aiki a kanta ta fito ne a shekarar 1997 daga wata cibiyar injiniyoyi ta Amurka mai suna IEEE, da lamba 802.11, shi kuwa sunan Wi-Fi sai a 1999 aka raɗa shi. Kowace na'ura da za ta shiga layi tana bukatar wani ɗan ƙaramin rediyo mai karɓa da aikawa, shi ne ake kira adafta. Wayoyin zamani da kwamfutocin tafi-da-gidanka da nasu suke zuwa a ciki. Kwamfutar tebur kuwa, irin wadda ake gani a ofisoshin makarantu da shagunan buga takardu, sau da yawa ba ta da shi, sai an sayo na waje wanda ake cusawa a kafar USB. Wani bai fi kan ɗan yatsa ba, wani kuma yana da eriya, kuma ana samun su a kasuwannin waya irin ta Farm Centre da ke Kano. Adafta ba ya aiki sai da wata 'yar manhaja da ke yi masa tafinta da kwamfuta, wadda ake kira direba. Wannan kalma ta shigo Hausa sau biyu ke nan, da farko da ma'anar matuƙin mota, yanzu kuma da wannan sabuwar ma'ana, abin da ya kamata mai nazarin aron kalmomi ya lura da shi.

Kowane layi yana da suna, wanda masana suke taƙaitawa da SSID, kuma tsawonsa ba ya wuce gurbi 32. Rauta takan yi shelar wannan suna kusan sau goma a kowace daƙiƙa, tamkar sanƙira a bakin kasuwa. Wannan shela ce adafta yake saurara ya jero wa mutum sunayen layukan da ke kusa. Idan mai gida ya zaɓi ɓoye layinsa, rauta ba ta daina shela ba, gurbin suna kawai take bari fayau. Wato dai tana cewa ga ni nan, amma ba ta faɗin ko ita wace ce.

1.2 Yadda Ake Shiga Ɓoyayyen Layi

Tun da suna ba ya fitowa a jeri, dole mai shiga ya zo da abubuwa uku a hannunsa: sunan layi daidai yadda aka rubuta shi, da nau'in tsaron da aka sa masa, da kuma kalmar sirri. A kwamfuta mai Windows, bayan an cusa adafta an tabbatar direbansa ya hau, sai a danna alamar Wi-Fi da ke ƙasan allo. A ƙarshen jerin za a ga wani layi mara suna wanda aka rubuta da Ingilishi cewa ɓoyayye ne. Idan aka danna shi zai nemi suna, sa'annan ya nemi kalmar sirri. Akwai kuma hanyar shiga saiti a ƙara layin da hannu, inda za a ga wani ɗan akwati da ke tambayar ko kwamfuta ta riƙa neman layin ko da ba ya shelar sunansa. Sai an yi wa wannan akwati alama kwamfutar za ta riƙa komawa da kanta. A wayar Android ma haka abin yake, akwai wurin ƙara layi a ƙarshen jeri, kuma a ƙarƙashinsa akwai zaɓin da ake nuna wa waya cewa layin ɓoyayye ne.

Mafi yawan cikas daga rubutu yake tasowa. A wurin na'ura, GidanMalam daban, gidanmalam daban, Gidan Malam mai tazara a tsakiya shi ma daban, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a gare ta. A nan ne kuma ƙa'idar rubutun Hausa take cin karo da bukatar na'ura. Mun saba horon ɗalibai da kada su yi wasa da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma wannan horo yana nan daram a rubutu. Amma a sunan layi da kalmar sirri, gara a kauce musu ɗungurungum. Ƙa'idar kalmar sirri ta ginu ne a kan baƙaƙen Ingilishi da lambobi da alamomin da ke kan allon bugu, kuma ba kowace na'ura ce take fahimtar ƙ yadda 'yar'uwarta ta fahimce shi ba. Mai gida zai iya sa ƙofa a wayarsa lafiya lau, a zo kan tsohuwar kwamfuta a rasa inda za a samo baƙin. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi kalmomin da tun asali ba su da lanƙwasa.

Cikas na biyu daga zangon rediyo yake. Wi-Fi na gida yana aiki galibi a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko ya fi nisa da ratsa bango, abin da ke da muhimmanci a gidan ƙasa mai kaurin katanga da sassa da yawa, na biyu kuma ya fi sauri amma ba ya nisa. Ƙananan adaftoci masu araha da yawa zangon farko kaɗai suke ji, don haka idan ɓoyayyen layin yana kan na biyu, ko an kwana ana rubuta suna ba za a same shi ba. Haka kuma na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka takan tsaya a tasha ta 11 a zangon farko, ba ta ganin ta 12 da ta 13. Mai kwamfutar gwanjo ya riƙe wannan. Maganin abin shi ne a tsayar da rauta a tasha ta 1 ko ta 6 ko ta 11. Wata dabara mai rage wahala ita ce a bayyana sunan na ɗan lokaci, a haɗa na'urar, a tabbatar komai yana aiki, kafin a sake ɓoye shi.

1.3 Abin da Ɓoye Suna Yake Yi da Wanda Ba Ya Yi

A al'adar Bahaushe, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace kuma takan sakaya sunan mijinta ta ce maigida ko malam. Wannan alkunya ce, amma babu wanda zai ce ta sa sunan ya zama asiri. Baƙon da ya zauna a ƙofar gida na ɗan lokaci zai ji abokan yaron suna ƙwala masa kira da cikakken sunansa. To, haka lamarin ɓoyayyen layi yake. Rauta ta kame bakinta, amma sauran na'urorin gidan dole su kira sunan kafin su shiga. Adafta yakan aika cigiya cewa ina layi mai suna kaza, rauta ta amsa da sunan, sa'annan adafta ya sake ambaton sa a cikin saƙon neman izinin shiga. Duk waɗannan saƙonni a fili suke tafiya cikin iska, ba a lulluɓe su da komai ba, domin ana aika su ne tun kafin a kai ga kalmar sirri. Wanda yake da adafta mai iya sauraro da manhajar da ake samu kyauta, da zarar na'ura ɗaya ta shiga ya ga sunan. Idan ma ya ƙagu, a tsofaffin tsare-tsare yana iya aika saƙon ƙarya da zai tsinke wata waya daga layin, ita kuwa garin komawa sai ta furta sunan.

Akwai wata illa da ta fi wannan, wadda masu gida ba su cika lura da ita ba. Na'urar da ta saba da layi mai bayyanannen suna tana iya yin shiru ta jira ta ji shela. Wadda aka saba mata da ɓoyayyen layi kuwa ba ta da hanyar sanin ko ta iso gida ko ba ta iso ba, sai ta hanyar tambaya. Saboda haka malamin da ya ɗauki kwamfutarsa daga Gwarzo ya biyo ta Rimin Gado ya shiga Kano, duk inda ya buɗe ta, a makaranta ko a tasha ko a wurin taro, tana nan tana cigiyar layin gidansa da suna. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Mai mugun nufi da ya ji wannan cigiya yana iya kafa nasa layin ya raɗa masa sunan, ya yi sojan gona. Idan layin gidan ba shi da kalmar sirri, kwamfutar za ta shige kai tsaye tana zaton gida ta zo. Idan yana da ita, sojan gona ba zai iya kammala gaisuwar ba, amma zai iya tsintar abin da zai je ya gwada canke da shi. Wannan ne ya sa kamfanonin Microsoft da Apple dukansu suka ba masu amfani da kayansu shawarar kada su dogara da ɓoye suna.

Duk da haka ba za a ce ɓoye suna ba shi da amfani ko kaɗan ba. Amfaninsa na zamantakewa ne. A garin da kowa ya san kowa, idan sunan layi ya fito a wayar samarin da ke zaune a dakalin ƙofar gida, roƙon kalmar sirri zai biyo baya, kuma Bahaushe yana jin nauyin ya ce wa ɗan maƙwabcinsa a'a. Wanda ya ɓoye suna don ya huta da wannan ya yi dabara, kuma a ganina babu laifi a ciki. Kuskuren shi ne ya ɗauka ya kulle ƙofa, alhali labule kawai ya saki.

1.4 Makulli na Haƙiƙa

Abin da yake tsare layi shi ne juya saƙonni zuwa wani siffa da babu mai gane shi sai mai mabuɗi. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan a zaurance, inda yara kan mayar da kasuwa ta koma kadasuduwada don kada manya su gane. Raunin zaurance shi ne ƙa'idarsa ɗaya ce tana maimaituwa, duk wanda ya kasa kunne na ɗan lokaci zai warware ta. Irin wannan rauni ne ya kashe tsarin tsaro na farko mai suna WEP. A shekarar 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tara saƙonni masu yawa zai iya ciro mabuɗin daga cikinsu, kuma a 2007 wasu masu bincike a Darmstadt ta ƙasar Jamus suka nuna ana iya yin haka cikin ƙasa da minti ɗaya. An fito da WPA a 2003 a matsayin faci, sai WPA2 a 2004, sai kuma WPA3 a 2018. Abin da mai gida zai zaɓa a yau shi ne WPA3 idan duk na'urorinsa suna ɗauka, in ba haka ba WPA2 mai AES. Tsohon adaftan da ya ƙi komai sai WEP, sauya shi ya fi arha a kan a raunana gidan gaba ɗaya saboda shi.

WPA2 ma ƙarfinsa yana tsayawa ne inda ƙarfin kalmar sirri ya tsaya. Ƙa'ida ta yarda da gurbi 8 zuwa 63, amma mutane da yawa a kan takwas suke tsayawa, wasu kuma lambar wayarsu suke sawa suna ganin lamba goma sha ɗaya ta isa. A duba lissafin. Lambobi huɗu na farko, irin su 0803 ko 0806, sanannu ne, saura bakwai, wato zaɓi miliyan goma a kowane rukuni. Wanda ya naɗi gaisuwar da ake yi tsakanin rauta da waya ba ya bukatar ya tsaya a ƙofar gidan, zai tafi da ita ya sa kwamfuta ta yi ta canke, kuma kwamfuta mai ƙarfi tana gwada ɗaruruwan dubbai a daƙiƙa ɗaya. Sunan ɗa da shekarar haihuwarsa, ko sunan gari, ko na ƙungiyar ƙwallo, duk ba su fi wannan ba. Abin da ya fi shi ne a jera kalmomin Hausa huɗu ko biyar waɗanda babu dangantakar ma'ana a tsakaninsu, a cusa lamba, kamar Tulu7RairayiGoroJirgiAlli. Tana da tsawo, tana da sauƙin tunawa, kuma ba ta cikin jerin kalmomin da masu kutse suka tanada. A guji karin magana ko baitin waƙa, domin duk wanda ya ji farkonsu ya san ƙarshensu. Wannan misali ma da aka buga a littafi ya riga ya tashi daga aiki.

Akwai wata ƙofar baya mai suna WPS, wadda aka yi don a sauƙaƙa shiga da lamba takwas. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, don haka gwaji kimanin 11,000 ya isa a buɗe ta, komai tsawon kalmar sirri. A kashe ta. Haka nan ita kanta rauta tana da shafin gudanarwa, wanda ake shiga ta adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma da yawa da kalmar admin suke fitowa daga kamfani. Wanda ya shiga wannan shafi ya zama shi ne mai gida, zai iya ganin kalmar sirri, ya sauya ta, ko ya karkatar da masu neman shafin banki zuwa na bogi. Sauya wannan kalma shi ne aikin farko ranar da aka sayo rauta. Sabunta manhajar na'urori ma yana cikin tsaro, domin raunin da Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam ya gano a WPA2 a shekarar 2017, ta hanyar sabuntawa aka toshe shi. Ita kuwa kwamfuta mai Windows 7, tun Janairu na 2020 aka daina aika mata irin wannan gyara.

Wasu sukan ƙara da tace na'urori ta lambar shaidar da kowane adafta yake da ita, wato lambar MAC, su ce waɗanda aka rubuta kaɗai za su shiga. Wannan ɗan'uwan ɓoye suna ne, domin ita ma lambar a fili take yawo kuma ana iya kwaikwayon ta. Bugu da ƙari, tun daga Android 10 na 2019 wayoyi sukan ƙirƙiro wa kowane layi lambar wucin gadi, abin da kan sa mai gida ya kulle 'ya'yansa a waje bai sani ba.

1.5 Mutanen Gida da Baƙi

A zahiri, kalmar sirri ta fi fita ta hannun mutanen gida a kan ta hannun masu kutse. Wayar Android da ta riga ta shiga layi tana iya nuna wani ɗan zane mai murabba'i wanda wata waya za ta ɗauka da kamara ta shiga nan take, kuma a cikin zanen akwai suna da kalmar sirri, ko layin ɓoyayye ne ko bayyananne. Yaro ɗaya ya isa ya raba wa unguwa kafin la'asar. Tsarin gidan Bahaushe ya riga ya tanadi maganin wannan, domin baƙo a zaure yake tsayawa, ba ya zarcewa cikin gida. Rautoci da yawa suna ba da damar buɗe layi na biyu na baƙi, mai sunansa da kalmarsa daban, wanda yake ba da intanet amma ba ya barin a kai ga sauran na'urorin gidan. Shi za a ba maƙwabci da baƙo, a riƙa sauya kalmarsa lokaci-lokaci. Ajiye rauta a tsakar gida maimakon tagar da ke fuskantar titi shi ma yana rage nisan da take kaiwa a waje.

Malami yana da dalilin kulawa fiye da na sauran jama'a. A kwamfutarsa akwai tambayoyin jarrabawa da sakamakon ɗalibai da sunayensu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan wanda yake riƙe da su. Gaskiya ne yawancin shafukan banki da na saƙonni suna da nasu lulluɓin, don haka wanda ya shigo layin ba zai karanta su kai tsaye ba, amma zai iya kaiwa ga fayilolin da aka bari a buɗe don rabawa, da na'urar buga takarda. Sa'annan tun daga umarnin Disamba na 2020, layukan waya suna haɗe da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Idan wani ya yi damfara ta layin gidan, sawun zai fara biyowa ne zuwa ga mai rajistar layin da ke cikin rauta. A ɗaya ɓangaren kuma, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutsawa cikin tsarin kwamfutar wani ba da izini ba, abin da ya kamata malami ya sanar da ɗalibansa masu ɗaukar wannan a matsayin gwaninta.

Shafin gudanarwa na rauta yana nuna jerin na'urorin da ke kan layi a kowane lokaci. Mai gidan da ya san na'urori biyar gare shi, ya leƙa ya ga tara, sai ya sauya kalmar sirri, domin yin haka yana fitar da kowa a lokaci guda, sa'annan ya sake shigar da nasa ɗaya bayan ɗaya. Haka zai yi idan waya ta ɓata ko an sayar da ita. Kwamfutar da za a kai gyara ko a miƙa wa wani malami kuwa, a shiga jerin layukan da ta sani a goge na gida tukuna, saboda Windows yana ajiye kalmar sirri, kuma wanda yake da ikon gudanarwa a kan kwamfutar yana iya karanta ta.